Leander Paes: Shekara 30 a Bakin Raga

A ranar 17 ga watan Yuni, 1973, aka haifi Leander Adrian Paes a Kalkata, babban birnin Bengal ta Yamma a ƙasar Indiya, cikin gidan da wasa ya zama gado. Mahaifinsa, Dakta Vece Paes, asalinsa mutumin Goa ne, likita ne kuma ɗan ƙwallon gora, yana cikin tawagar da ta ciyo wa Indiya lambar tagulla a wasannin Olamfik na Munik a 1972. Mahaifiyarsa Jennifer ta taɓa riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Indiya, ita kuma jinin Michael Madhusudan Dutt ce, shahararren marubucin waƙoƙin nan na Bengal a ƙarni na 19. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaro ya buɗe ido ya tarar da lambar ubansa ajiye a gida, kuma ya sha faɗa bayan ya girma cewa tun a lokacin ya ƙudurta a ransa sai ya samo tasa.

Da farko ba tanis ne a gabansa ba. Kalkata garin ƙwallon ƙafa ne, garin Mohun Bagan da East Bengal, can kuma zuciyar yaron ta karkata. Yana ɗan shekara 12 aka ɗauke shi daga gaban iyayensa aka kai shi Madaras, wadda yanzu ake kira Chennai, tafiyar fiye da kilomita 1,500, aka sa shi makarantar koyon tanis da gidan su Vijay Amritraj suka buɗe da tallafin kamfanin biskit na Britannia. Wani malami mai suna Dave O'Meara ne ya karɓe shi. Cikin 'yan shekaru kaɗan abin ya bi jikinsa. A 1990 ya lashe gasar matasa ta Wimbledon, a 1991 ya ƙara da ta Amurka, ya zama na ɗaya a matasan duniya, a shekarar kuma ya shiga sahun ƙwararru.

Amma kafin duk wannan, mutanen ƙasarsa sun riga sun ga alamarsa a Kofin Davis. Wannan gasa ce ta ƙasa da ƙasa, kuma a wancan zamani ana yin ta ne cikin kwana uku: wasan ɗai-ɗai guda huɗu, sai na 'yan bibbiyu guda ɗaya a rana ta tsakiya, wanda sau da yawa shi ke raba gardama. A 1990 Indiya ta karɓi baƙuncin Japan a Chandigarh, kyaftin Naresh Kumar ya yi kasada ya sa yaro ɗan shekara 16 tare da Zeeshan Ali. Aka shafe fiye da awa biyar ana gumurzu, turmi na biyar bai ƙare ba sai da ci ya kai 18 da 16, Indiya ce a sama. Daga ranar aka san wani hali nasa da bai rabu da shi ba har ya ajiye raket: in dai an sa masa rigar Indiya, sai ya yi wasan da ya fi ƙarfin matsayinsa.

Shekarar 1993 ta tabbatar da haka. Faransa, wadda ta ɗauki kofin shekara biyu kafin nan, ta gayyaci Indiya garin Fréjus, ta shimfiɗa filin jan ƙasa, irin filin da 'yan Indiya ba su saba da shi ba domin su a kan ciyawa suka taso. Paes ya doke Arnaud Boetsch, ya doke Henri Leconte, dattijo Ramesh Krishnan ya kammala aikin a wasa na biyar, Indiya ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 1995 kuma, a kan ciyawar Delhi, ya kayar da Goran Ivanišević na Kuroshiya, mutumin da duniya ke tsoron sabis ɗinsa, bayan an ci shi turmi biyu na farko.

Sai Atlanta, 1996. Matsayinsa a duniya bai kai ya shiga gasar Olamfik kai tsaye ba, yana wajen na 126, sai gurbin alfarma aka ba shi. Ya wuce Richey Reneberg, ya wuce Nicolás Pereira, ya fitar da Thomas Enqvist na Suwidin wanda ake sa ran zai yi nisa, ya doke Renzo Furlan na Italiya. A wasan kusa da na ƙarshe ya haɗu da Andre Agassi a gaban mutanensa, ya matsa masa a turmin farko har ya kusa ƙwacewa, amma ya faɗi, kuma a wannan wasa ne ya ji ciwo a wuyan hannunsa na dama, hannun da yake riƙe raket. Da wannan hannu ya fito neman tagulla da Fernando Meligeni na Birazil. Aka ci shi turmin farko 6 da 3, ya farfaɗo ya ci biyun da suka rage, 6 da 2, sannan 6 da 4.

Sai mutum ya san halin da Indiya take ciki zai gane nauyin wannan lamba. Ƙasa mai mutum kusan biliyan ɗaya a lokacin, rabon da wani ɗanta ya ciyo lambar Olamfik shi kaɗai tun 1952, sa'ad da ɗan kokawa K. D. Jadhav ya samu tagulla a Helsinki. Shekara 44 ke nan. Tun zinaren ƙwallon gora na 1980 ba su sake samun komai ba, kuma a Atlanta ma tasa ce kaɗai suka koma da ita gida. Yana ɗan shekara 23 ya ajiye tasa kusa da ta mahaifinsa.

A wasan ɗai-ɗai ya ƙara taɓukawa. A 1998 ya lashe gasar Newport a Amurka, ya doke Pete Sampras a New Haven, ya kai matsayi na 73 a duniya. Nan ne iyakarsa, kuma shi da kansa ya san dalili. Tsawonsa mita 1.78, a zamanin da dogaye masu sabis kamar harsashi suka mamaye fili. Sabis ɗinsa matsakaici ne. Bugunsa na bayan hannu yankan ƙwallo ne kawai, ba ya iya dukanta da ƙarfi ta wannan ɓangare, kuma duk ɗan wasan da ya san abin da yake yi zai tsaya daga bayan fili ya yi ta aika masa ƙwallo can har ya gaji. Abin da Allah ya ba shi daban ne: saurin ƙafa, saurin hannu a bakin raga, da ido mai karanta niyyar abokin karawa kafin ya buga. Waɗannan kuwa kayan aikin wasan 'yan bibbiyu ne.

Ya kamata a tsaya a nan a yi bayani, domin yawancin masu kallo suna ɗaukan wasan bibbiyu tamkar wasan ɗai-ɗai ne aka ƙara mutane. Filin tanis tsawonsa mita 23.77. Idan mutum biyu ne za su kara, faɗinsa mita 8.23. Idan huɗu ne, sai a haɗa da 'yan lungunan nan biyu na gefe, faɗin ya zama mita 10.97. Ƙarin bai kai mita uku ba, alhali mutane sun ninka. Saboda haka gurbin da za a jefa ƙwallo ya ƙuntata, lokacin tunani ya gajarce. Ɗaya yana baya yana sabis, ɗaya yana tsaye taku biyu ko uku daga raga, kuma shi wannan na gaba shi ne mai hatsarin. Aikinsa ya tare ƙwallo tun tana sama kafin ta taɓa ƙasa. Wani lokaci ya tsaya a inda yake, wani lokaci ya yi wuf ya ratsa zuwa ɓangaren abokinsa ya datse amsar da aka mayar, abokin kuma ya ruga ya rufe wurin da ya bari. Idan ya motsa da wuri, mai amsa ya gan shi, sai ya wurga ƙwallo ta lungun da ya bari. Idan ya makara, ƙwallo ta wuce.

Don haka ake yin shawara kafin kowane bugu. Mai karatu zai lura suna haɗa kai suna raɗa, suna rufe baki da ƙwallo don kada a karanci leɓɓansu, ko kuma na gaba ya kai hannu bayansa ya yi ishara: yatsa ya nuna inda za a aika sabis, dunƙulen hannu yana nufin zan tsaya, buɗaɗɗen tafi yana nufin zan ratsa. Akwai kuma salon da na gaba zai durƙusa a tsakiyar fili daidai layi, ba wanda ya san ɓangaren da zai tashi ya nufa sai abokinsa. Abin ya fi kama da lugude: taɓarya ɗaya na sauka ɗaya na tashi, in aka sami saɓanin ƙiftawar ido sai su gwaru. Mutum biyu ƙwararru da ba su san numfashin juna ba, matsakaita biyu da suka saba sai su ci su.

Duk da wannan gwaninta, ladan wasan kaɗan ne. A Wimbledon ta 2024, wanda ya lashe gasar ɗai-ɗai ya tafi da fam miliyan 2.7, su kuwa zakarun bibbiyu fam dubu 650 aka ba su su raba. Sau da yawa ana sa wasanninsu a ƙananan filaye, ko a babban fili bayan jama'a sun watse. A ganina wannan rashin adalci ne ga wani fanni da ya fi kowane nuna dabara. Paes yana cikin 'yan ƙalilan da suka sa mutane suka zauna don kallon wasan bibbiyu shi kansa, saboda yadda yake tsalle, yake ihu, yake jawo 'yan kallo cikin wasan.

Abokin da ya fara ɗaukaka da shi ɗan ƙasarsu ne, Mahesh Bhupathi, wanda aka haifa a Madaras a 1974, ya yi karatu a Jami'ar Mississippi. Paes ne babba a suna sa'ad da suka haɗu a tsakiyar shekarun 1990, kuma shi ya jawo shi. Sun dace ƙwarai. Bhupathi dogo ne, mai natsuwa, mai ƙarfin sabis, kuma bugunsa na bayan hannu, wanda shi ne raunin Paes, yana cikin mafi kyau a duniya. Shi zai mayar da amsa mai nauyi a ƙafar abokan karawa, dole su ɗaga ƙwallo sama, Paes yana bakin raga yana jira. In sun ci maki mai muhimmanci sai su ruga su yi tsalle su gwara ƙirji, abin da ya zama tambarinsu. 'Yan jarida suka sa musu suna Indian Express.

A 1997 suka lashe gasa shida, a ciki har da ta gida a Chennai. A shekarar ce kuma Bhupathi ya riga shi cin ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu da ake kira Grand Slam, inda ya lashe wasan mace da namiji na Faransa tare da Rika Hiraki ta Japan, ya zama Ba'indiye na farko da ya yi haka. A 1998 suka kai wasan kusa da na ƙarshe a uku daga cikin huɗun. Sai 1999, shekarar da ba za a manta ba. Suka kai wasan ƙarshe a Ostireliya, Jonas Björkman da Patrick Rafter suka doke su. Suka je Faris suka ci Ivanišević da Jeff Tarango suka ɗauki kofi. Suka je Wimbledon suka ci Paul Haarhuis da Jared Palmer. A Amurka suka sake kaiwa ƙarshe, Sébastien Lareau da Alex O'Brien suka hana su. Tun da aka buɗe manyan gasanni ga ƙwararru a 1968, su ne maza biyu na farko da suka kai wasan ƙarshe na duka huɗun a shekara guda. A watan Yunin shekarar Paes ya hau matsayi na ɗaya a duniya, kuma a Wimbledon ɗin ya haɗa da kofin mace da namiji tare da Lisa Raymond ta Amurka.

Abin takaici, suna kan wannan ganiya zumunci ya fara tsagewa. Jaridun Indiya sun yi ta kawo dalilai: saɓani kan masu horarwa, maganganun na kusa da su, da tambayar wane ne babba a tsakaninsu yanzu da ƙaramin ya kamo. A ƙarshen 1999 aka yi wa Bhupathi aiki a kafaɗa, Paes ya ci gaba da wasa da wasu, shi ma ya ji ciwo a hannu. Suka rabu, suka dawo don Olamfik na Sidni a 2000, inda Paes ya riƙe tutar ƙasa a bikin buɗewa, amma Todd Woodbridge da Mark Woodforde na Ostireliya suka fitar da su a zagaye na biyu. A 2001 suka sake lashe gasar Faransa, a 2002 suka sake rabuwa. Zo mu zauna, zo mu saɓa, haka ne, amma wannan saɓani ya zo da tsada. Dukansu ba su kai shekara 30 ba. Woodbridge da Woodforde sun ci manyan kofuna 11 tare, tagwayen Amurka Bob da Mike Bryan suka ci 16, su kuwa da kowa ya yarda suna da abin da za su yi gogayya da waɗannan, a uku suka tsaya. Na yi imani da sun daure da juna shekara biyar kawai, da tarihin wasan ya sauya.

Wani abin lura shi ne, ko a lokacin da ba sa ga-maciji, in ƙasa ta kira suna zuwa. A Kofin Davis sun ci wasa 24 a jere tare, abin da ba wasu biyu da suka taɓa yi. Sun ɗauki zinare a wasannin Asiya na Busan a 2002, suka ƙara a Doha a 2006.

Shekarar 2003 ta zo masa da daɗi da tashin hankali. Martina Navratilova, wadda ta riga ta gama cin duk abin da ake ci a tanis, ta dawo fili ta ɗauke shi abokin wasa, a wannan shekara tana da shekara 46. Suka lashe Ostireliya a watan Janairu, suka lashe Wimbledon a Yuli, kofin da ya zama nata na 20 a wannan fili, ta kamo Billie Jean King. Makonni kaɗan bayan haka ciwon kai mai tsanani ya kwantar da shi, aka kai shi wani asibitin masu cutar daji a Orlando, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wani ƙulli. Kwanaki ana zaton ciwon daji ne. Da bincike ya kammala sai aka gano ƙwan tsila ne ya shiga jikinsa ya kai ga ƙwaƙwalwa, cutar da ake ɗauka ta gurɓataccen abinci ko ruwa, kuma tana jin magani. Navratilova ta ƙi shiga wasan mace da namiji na Amurka a shekarar da wani, ta ce sai abokinta ya warke. A Janairun 2004 suka dawo tare suka kai wasan ƙarshe a Ostireliya. Wannan amana da ta riƙe masa tana cikin abubuwa mafi kyau a tarihinsa.

Bayan wata bakwai yana Atens ta ƙasar Girka tare da Bhupathi, suna neman lambar da ta fi damun su. Sun fitar da manya a hanya, har da Roger Federer da abokinsa Yves Allegro, suka faɗi a wasan kusa da na ƙarshe hannun Jamusawa, aka bar su da wasan tagulla da Mario Ančić da Ivan Ljubičić na Kuroshiya. Aka yi ta yi har tsakar dare ya wuce, kusan awa huɗu, turmi na uku ya ƙare 16 da 14. Ba su samu ba. A Beijin a 2008, Federer da Stan Wawrinka suka tare su a wasan daf da na kusa da na ƙarshe, waɗanda kuma su suka tafi da zinaren.

Daga nan Paes ya koma wasa da 'yan ƙasar Cek, kuma sun karɓe shi. Da Martin Damm ya ci gasar Amurka a 2006. Da Lukáš Dlouhý ya ci Faransa da Amurka a 2009, kuma wanda suka doke a wasan ƙarshe na Amurkan Bhupathi ne tare da Mark Knowles. A wasan mace da namiji ya haɗu da 'yar Afirka, Cara Black ta Zimbabuwe, 'yar gidan tanis ce ita ma, ƙanwar Byron da Wayne Black, gwana a bakin raga kamarsa. Tare suka ci Amurka a 2008, suka ci Ostireliya da Wimbledon a 2010. A 2011 shi da Bhupathi suka sake gwadawa bayan shekara tara, suka kai wasan ƙarshe a Ostireliya, tagwayen Bryan suka doke su, suka ci Chennai da Miyami da Cincinnati, shekara na ƙarewa kowa ya kama gabansa. Kofin Ostireliya na maza, wanda shi kaɗai ya rage masa, sai a Janairun 2012 ya same shi tare da Radek Štěpánek, inda suka kayar da tagwayen.

Wannan shekara ce kuma rikicin ya fito fili da muni. Ana shirin Olamfik na Landan, Paes yana cikin goman farko a duniya, don haka yana da gurbi, hukumar tanis ta Indiya kuma ta so ta haɗa shi da Bhupathi. Bhupathi ya ce ba zai yi ba, da Rohan Bopanna ya shirya. Aka juya ga Bopanna, shi ma ya ƙi. Aka yi ta musayar wasiƙu a jaridu. A ƙarshe hukuma ta tura ƙungiya biyu, ta haɗa Paes da wani matashi, Vishnu Vardhan, wanda ke can ƙasa a matsayi, sannan don ta rarrashe shi ta ba shi Sania Mirza a wasan mace da namiji, alhali ita da Bhupathi sun lashe gasar Faransa makonni kaɗan kafin nan. Sania ta fitar da sanarwa mai zafi, ta ce an mayar da ita abin lallashin wani, kuma wannan wulaƙanci ne ga mace. Gaskiyarta ne. Ƙungiyoyin maza biyun duk a zagaye na biyu suka fita, ita da Paes suka tsaya a wasan daf da na kusa da na ƙarshe.

Ba zan wanke Paes a wannan ba. Tun a 2008, yana kyaftin ɗin Kofin Davis, 'yan wasan ƙasar suka rubuta cewa ba za su ƙara wasa a ƙarƙashinsa ba. In mutum ɗaya ya yi kuka da kai, ana iya cewa hassada ce, amma in tsararraki biyu na 'yan ƙasarku suka yi, akwai abin dubawa a halinka. Mutumin da ya yi wasa da abokai maza fiye da 100 daga ƙasashe daban-daban, mafi yawansu kuma suna yabon sa, a gida ne zama ya gagare shi. Sai dai su ma waɗanda suka ƙi shi ba su kyauta wa ƙasarsu ba, hukumar kuma ta bar ƙaramin ciwo ya ruɓe shekara da shekaru. A wancan lokaci Indiya tana da huɗu daga cikin gwanayen wasan bibbiyu na duniya a lokaci guda, abin da ƙasashe masu arzikin tanis ma ba kasafai suke samu ba, kuma ba ta ci lamba ko ɗaya da su ba.

Wani zai yi zaton daga nan sai ritaya. A Satumban 2013, yana da shekara 40, shi da Štěpánek suka haɗu da tagwayen Bryan a wasan kusa da na ƙarshe na Amurka. Tagwayen sun riga sun ci Ostireliya da Faransa da Wimbledon a shekarar, saura wasa biyu su haɗa duka huɗun. Aka ci su Paes turmin farko, suka juya wasan suka fitar da su, sannan suka gama da Alexander Peya da Bruno Soares 6 da 1, 6 da 3 a wasan ƙarshe. Kofinsa na takwas ke nan a wasan maza.

Akwai dalilan da suka sa ya daɗe haka. Ubansa likitan 'yan wasa ne, ya kula da jikinsa tun yana yaro. Salon wasansa ma ba mai cin jiki ba ne, domin yana gama maki da bugu biyu ko uku. Sannan dokoki sun sauya. A 2005 hukumar ƙwararrun maza ta ATP ta so ta rage wa wasan bibbiyu matsayi, 'yan wasa suka kai ta kotu, aka yi sulhu, daga 2006 aka gajarta wasannin: in an yi kunnen doki a turmi biyu, maimakon turmi na uku sai a yi tseren maki 10. Gajeren wasa yana taimakon mai dabara a kan mai ƙuruciya.

A 2015 ya haɗu da wata Martina, wato Hingis ta Siwizalan, wadda sunan Navratilova aka sa mata. Ita ma dabararta ta fi ƙarfinta aiki, sai suka zama kamar sun shekara goma tare. Suka ci Ostireliya da Wimbledon da Amurka a shekara guda. A Yunin 2016 suka cike da Faransa, inda suka doke Sania Mirza da Ivan Dodig da ci 10 da 8 a tseren ƙarshe, saura mako biyu ya cika shekara 43. Jimillar manyan kofunansa ta zama 18, takwas a wasan maza, goma a na mace da namiji, kuma a kowane ɓangare ya ci duka huɗun. A Riyo a shekarar ya halarci Olamfik karo na bakwai a jere tun daga Basalona a 1992, abin da ba wani ɗan tanis da ya yi, ko da yake shi da Bopanna a wasan farko aka fitar da su.

Abu ɗaya ya rage masa. Nicola Pietrangeli na Italiya ya riƙe tarihin yawan nasara a wasan bibbiyu na Kofin Davis, guda 42, tun farkon shekarun 1970. Paes ya kamo shi, yana neman ɗaya. A Afrilun 2017 sabon kyaftin ɗin Indiya, wanda ba kowa ba ne sai Bhupathi, ya ajiye shi a karawar da aka yi da Uzbekistan a Bengaluru, aka sake yin cacar baki. Bayan shekara guda, a birnin Tianjin na ƙasar Sin, aka dawo da shi tare da Bopanna, Indiya tana baya da ci biyu, suka ci wasansu da ƙyar, ya kafa sabon tarihi da 43, Indiya kuma ta juya ta yi nasara. Ya ƙara ɗaya a kan Pakistan a 2019, ya ƙara ta 45 a Zagreb a watan Maris na 2020, shekara 30 cif bayan Chandigarh.

Ya riga ya sanar cewa 2020 ce shekararsa ta ƙarshe, yana fatan ya zagaya ya yi sallama da filayen da ya sani, sai annobar korona ta rufe komai. Ya tashi da kofuna 54 na gasannin ƙwararru a wasan maza. A 2021 shi da Bhupathi suka zauna gaban kyamara a wani shiri mai suna Break Point, kowa ya faɗi nasa ɓangaren, suka amsa cewa sun yi asarar shekaru.

Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar Padma Shri a 2001, ta ƙara masa da Padma Bhushan a 2014. A watan Yulin 2024 aka shigar da shi zauren girmama gwarazan tanis na duniya da ke Newport, garin da ya ci kofinsa ɗaya tilo na wasan ɗai-ɗai, rana ɗaya da Vijay Amritraj wanda a makarantarsa ya koyi wasan. Su ne maza na farko daga nahiyar Asiya da suka shiga. Mahaifinsa, Dakta Vece, ya rasu a Kalkata a watan Agustan 2025. Har zuwa wasannin Faris na 2024, tagullar da Leander Paes ya ciyo a Atlanta ita ce kaɗai lambar Olamfik da Indiya ta taɓa samu a wasan tanis.